Inda Tela Yake Ɗaga Ƙafa

— kai, da ma sun ƙi su duka, da ya fi masa sauƙi. Su ce mun karanta, ba mu so, Allah ya ba da sa'a a gaba. Magana ta ƙare, kowa ya san matsayinsa. Amma a ɗauki waƙa saba'in da biyu, aikin shekara uku cur, a ture saba'in da ɗaya gefe, a yabi guda ɗaya tak... ita ma wacce? Wadda ba a gyara ba. Wadda ta sulale ta shiga littafin da ƙurarta, ko fuska ba a wanke mata ba. Wannan ya wuce ƙi. Raini ne. Kuma Malam bai yi shekara talatin da biyar yana koyar da waƙa a sakandare don a zo a raina shi a takarda mai hatimi ba.

Yana zaune a benci, ƙofar ofishin Farfesa, hawa na biyu, sashen adabi. Fayil a cinya, tafin hannu a kan fayil. Tun ƙarfe tara. Agogon bango ya ce goma saura kwata, nasa ya ce saura minti takwas, kuma nasa ne daidai. Jami'a sukutum ta kasa saita agogo, wai ita ce za ta auna waƙar Yaya...

"Baba, ka ɗan ƙara haƙuri, tana taro. Yanzu za ta fito."

Sakatariya ke nan. Sau uku ta faɗa, ba ta ɗago kai daga na'urarta ba. Yanzu. A ajinsa in ɗalibi ya ce yanzu, tambayarsa yake yi, yanzun ƙarfe nawa? Ita kuma Farfesar da ake jira — yarinyar da take zama kusa da taga a aji uku, shi ya koya mata ƙirga gaɓa a yatsu, da hannunsa ya lanƙwasa mata yatsun. Yau shi ne a benci.

Mutum biyar. Mutum biyar a ɗaki ɗaya, da fanka da ruwan gora, su ne ke zaɓen waƙoƙin da za su shiga kundin da makarantu za su karanta shekara goma masu zuwa. Wanda ya shiga ya zama mawaƙi: a haddace shi, a yi jarrabawa a kansa, a sa hotonsa a gefen shafi. Wanda bai shiga ba... to, ya yi surutunsa a zamaninsa, ya wuce. Ranar Juma'a za su rufe sunaye. Yau Laraba.

Da safe ya biya ta gidan Yaya. Ya sunkuya a kan gadon ya ce, "Yaya, yau zan karɓo maka haƙƙinka." Yaya ya dube shi da idon nan guda da yake buɗuwa sosai. Wata shida ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Mutumin da in ya hau keken ɗinki kalmomi ke rige-rigen fitowa daga bakinsa... shekara hamsin yana tela, bai taɓa rubuta komai ba sai awo, da alli, a jikin yadi. Matar Yaya tana tsaye da kwanon ruwa a hannu. "Malam Gyara, yau kuma wa za a gyara? Jami'ar ce gaba ɗaya?" Ita ta laƙaba masa sunan tun tana amarya. Bakinta yana dariya, idonta yana kan gadon.

Ƙorafi bakwai ya rubuto, kowanne da lambarsa. Na ɗaya, ba a kira shi an ji ta bakinsa ba. Na biyu, sun rubuto wasiƙar kamar shi ne mai waƙoƙin, alhali ya faɗa a shafin farko da manyan baƙaƙe: na yayansa ne, shi mai ɗauka ne kawai. Na uku... na uku ma a bar shi. Na huɗu shi ne maganar. Ba sai ya zaro wasiƙar ba, ya haddace ta kamar yadda ake haddace zagi:

"Waƙoƙin nan sun cika ma'auni, amsa-amonsu bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai dai mun sha ganin irinsu. Ta shafi na arba'in da ɗaya ce kaɗai ta tsayar da mu. Ƙa'idarmu waƙa biyar ga kowane mawaƙi. Idan tana da 'yan'uwa huɗu, a kawo mana kafin Juma'a."

Mun sha ganin irinsu. To ai dole ku gani! Wa ya ce haka ake yi? Ba ku ba ne? A ginin nan, a hawan nan, ɗakin can na ƙarshe daga hagu —

Shekara arba'in da biyu ke nan. Ƙofar ba ta canja ba, fenti kawai aka sake. Dakta, malaminsu na waƙa, yana shigowa da alli ɗaya da zobe a yatsa, da zoben yake ƙwanƙwasa tebur: doguwa, gajera, doguwa, doguwa. Ranar da ya fara nuna musu cewa waƙa tana da ƙashi a cikinta... Allah mai iko. Malam yana ɗan ashirin da biyu, ya zauna baki buɗe. Ashe abin da ke sa tsigar jiki ta tashi yana ƙirguwa? Ashe mutanen da suka mutu tun ɗaruruwan shekaru sun bar sawu a cikin kalmomi, kai ma in ka sa ƙafa daidai sai ka taka inda suka taka? Ranar a ƙasa ya koma gida, ya ƙi hawa mota, yana tafe yana ƙirga gaɓa. Ya ƙirga kiran masu talla, ya ƙirga rubutun jikin shaguna, ya ƙirga gaisuwar maƙwabta. Har yau girman abin bai sake shi ba. Kada wani ya zo ya ce masa ma'auni ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne. Ya ji shi a ƙirjinsa.

Sai ya kawo ta Yaya. Mako na uku. Ya rubuto ta a fallen takarda, ɗoki ya hana shi zama, ya ɗaga hannu. Dakta ya karɓa, ya riƙe ta nesa da fuska, zobe ya fara: ƙwas, ƙwas, ƙwas... ya tsaya.

"Wannan ɗangon gurgu ne. Wa ya yi ta?"

"Yayana."

"Me yake yi?"

"Tela ne."

"To ya koma ya auna. Ai yana da tef."

Aji ya kwashe da dariya. Mutum sittin. Shi ma ya yi — abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba ke nan — shi ma ya yi dariyar, kunnuwansa na zafi. A kujerar nan ya ɗau alkawari tsakaninsa da ransa: wata rana waƙoƙin Yaya za su shigo ginin nan da ƙafafunsu, a miƙe, babu mai ɗingishi, babu wanda zai sami abin dariya.

Kuma ya cika. A faɗi gaskiya, ya cika. Tun da ya ajiye aiki, kullum da yamma yana shagon Yaya. 'Yar kujera kusa da buhun ƙyallaye, littafi a gwiwa. Domin Yaya ba ya waƙa a zaune haka kawai. Ka ce masa, Yaya maimaita, sai ya ce, "Miƙo min wandon can." Ya sa yadi ƙarƙashin allura, ya taka, keke ya ɗauka... sannan. Keke ya tsaya, waƙa ta tsaya. Masu ɗinki su shigo da faɗa a baki, an yi musu alkawari tun makon jiya, su tsaya a ƙofa su manta faɗan. Wani direba, ƙato, ya zo karɓar wando ya tarar ana waƙar mutumin nan da kowane wata yake kawo wandonsa a rage ƙugu, ba ya faɗin ciwon da ke cin sa. Direban ya juya baya, ya yi ta kallon titi, kafaɗunsa na rawa. Daga ina abin yake zuwa? Uwa ɗaya, uba ɗaya, ɗaki ɗaya suka tashi. Shi Malam ya karanta littafi ya fi ɗari a kan waƙa, bai taɓa yin ɗango guda da ya sa wani ya juya baya ba. Daga ina...?

Shi nasa rubutu ne. Da gyara. Kuma gwaninta ce, kada a raina: tsakanin kunne da bakin biro yake gyarawa. Ɗango ya fito gajere, kafin tawada ta taɓa takarda ya cika shi. Amsa-amo ya kauce, ya dawo da shi hanya. Yaya ya yi shiru a tsakiyar magana — yana yawan yi, numfashin tsufa ne — Malam ya rufe gurbin. Ba daftari, ba gogewa. Littafi uku tsaf, ko ɗigon jan biro babu. Shekara talatin da biyar na duba takardun ɗalibai ne suka ba shi wannan hannun.

In ya gama sai ya karanta wa Yaya. Yaya ya cire zare daga baki, ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Ta yi kyau, wallahi. Waƙar waye?"

"Taka ce mana, Yaya."

"To madalla. Ashe na iya."

Barkwanci. Yaya da barkwanci. "Ni da kai duk yanka muke yi, ƙanena," in ji shi wata rana, "ni dai ina tambayar mai kaya tukuna." Har matarsa ta leƙo tana dariya. Barkwanci ne... mene ne in ba barkwanci ba?

Goma da kwata. Tunda an zaunar da shi, bari ya yi aiki. Zai buɗe shafin nan ya sa alama a kan kowace gaɓa, doguwa da gajera, ya ajiye wa Farfesa a kan tebur ta gani da idonta abin da suka yaba. Kuskure suka yaba. Shi ya san yadda ta shiga: makon da aka yi masa aikin ido ne, an rufe idon da bandeji, ya ƙi fashin zuwa shago, 'yarsa ta kai shi ta riƙe littafin. Ita kuma me ta sani? Ma'aikaciyar jinya ce. Abin da ta ji shi ta rubuta, har inda aka yi shiru ta bar fili. Ya ce za mu gyara daga baya. Ita ta buga littafin a na'ura, shi kuma ya manta. Mantuwa ɗaya a shekara uku.

Tabarau. Shafi na arba'in da ɗaya.

Ta kawo rigar mijinta a rage,
a rage wa ɗan da ya bari.
Na auna wuya, na auna kafaɗa,
na ɗauki almakashi —

na ajiye.
Mai rigar bai gama fita ba.

Ga shi nan. Ina amsa-amo? Babu. Ɗango na farko da na biyu ba tsayinsu ɗaya ba. Na biyar kalma biyu, gurgu na gaske, Dakta da ya gani da ya... doguwa, doguwa, doguwa... a'a. Sake. Ta kawo rigar mijinta a rage... yatsu ba sa kama ta. Tana zamewa. A hankali, a ƙasa-ƙasa, da baki. Ta kawo rigar mijinta a rage, a rage wa ɗan da ya bari, na auna wuya, na auna kafaɗa —

"Baba, lafiya? Sanyi kake ji? In kashe fankar?"

Sakatariya ta ɗago kai a karo na farko. Ƙafafunsa take kallo. Shi ma ya duba.

Suna tafiya. Su biyun, a haɗe, dunduniya, yatsu, dunduniya, yatsu, a kan simintin jami'a. Ba shi ya sa su ba.

Ya girgiza mata kai. Sake, daga farko, a bar ƙafafun su yi abin da suke so... ta kawo rigar... ga shi, ga shi, taku takwas, ba ƙari ba ragi... a rage wa ɗan... bai tsaya ba, ɗinkin bai yanke ba, layi ɗaya ne dogo, gefen riga daga hammata zuwa ƙasa... na auna wuya, na auna kafaɗa, yana sauri, yadi yana gudu ƙarƙashin hannu... na ɗauki almakashi —

Ƙafafun suka tsaya da kansu. A sama. Dunduniya a ƙasa, yatsu a ɗage.

Kusurwa.

Ya Allah. Kusurwa ce. An kai ƙarshen gefe. Tela ba ya shan kwana da gudu: ya ɗaga ƙafa, ya bar allura a soke cikin yadi, ya juya yadin da hannu biyu a kanta. Shagon ya yi tsit, har ka ji motar da ke wucewa a titi. A cikin wannan shirun ne, hannu na juya yadi, yake faɗin kalma biyun nan. Na ajiye. Ba keke, ba kiɗa, murya tsirara. Sannan ƙafa ta sauka, gefe na biyu, gajere, ƙasan riga... mai rigar bai gama fita ba. Zare ya ƙare inda magana ta ƙare.

Ashe a aune take. A aune take fiye da duk abin da ya taɓa aunawa. Dogon ɗango dogon gefe, gajere bakin aljihu ko wuyan riga, shiru kuma kusurwa. Shekara hamsin mutumin nan yana zuba magana daidai tsawon ɗinki, ba ta ragewa ba ta yin saura, kuma abin da ya fi nauyi a ransa yana ajiye shi sai an zo kwana, inda ba ƙarar da za ta rufe shi. Wa ya koya masa? A wane ɗaki? Da wane zobe? Malam ya zauna taku biyu da wannan abin kullum da yamma, shekara uku, yana kallonsa da ido biyu... ranar da aka rufe masa ido ce kaɗai ta tsira. Ya tuna ranar yanzu. Duhun bandeji, warin man keke, shirun nan, da numfashin 'yarsa da ya sarƙe a gefensa. Shi ma ya ji ta. Amma ya ce za mu gyara daga baya.

Numfashin tsufa. Haka ya kira shi. Saba'in da ɗaya... a kowace akwai kusurwa biyu, uku, wata huɗu. Ya cike su duka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai toshe ramukan ɓera, yana jin daɗin hannunsa.

Waƙar waye?

Ƙorafi na biyu. Sun rubuto kamar shi ne mai waƙoƙin... ba su yi kuskure ba. Mutum biyar da ruwan gora, ba su taɓa ganin Yaya ba, sun karanta sun ji muryar malamin sakandare.

A'a. A'a, tsaya. Ba za a jibga masa shi kaɗai ba. Wa ya ba shi tef ɗin? Ya zo ginin nan da kunne lafiyayye, kunnen da ya ji waƙar tela ya san abu ce, har ya yago takarda ya kawo. Su suka ce gurguwa ce. Su suka ba shi takardar shaida a kan ya yarda gurguwa ce, suka tura shi aji ya koya wa wasu. Talatin da biyar sau aji huɗu sau ɗalibi arba'in... nawa ke nan? Nawa ne a cikinsu suka kawo masa abu mai shiru a tsakiya ya zana jan layi ya rubuta cika wannan? Ita kanta mai ofishin nan, ta taɓa kawo wata a kan kakarta, ɗango na ƙarshe kalma ɗaya. Huɗu bisa goma ya ba ta. Ya tuna lambar, bai tuna kalmar ba. Sannan wata rana, a wani taro da ba a gayyace shi ba, suka sauya ra'ayi. Yanzu shiru suke so. Yanzu gurgu ne gwani. Ba sanarwa, ba wasiƙa zuwa makarantu, ba wanda ya zo ya ce Malam, abin da muka ba ka mun janye. Dakta ya mutu da girmansa, sunansa yana jikin ɗakin karatu. Wa za a kai wa ƙorafi na takwas? Wa zai sa hannu?

Kuma su ma ɗin... ta tsayar da mu. Sun san abin da ya tsayar da su? Za su ba shi suna mai tsawo, su yi taro a kansa, wani ya sami digiri. Ba wanda zai ce kusurwar riga ce. Ba su taɓa zama kusa da buhun ƙyallaye ba. A duk ginin nan mutum ɗaya ne ya san dalilin shirun, shi ne kuma wanda ya...

Huɗu. Kafin Juma'a. Kwana biyu.

Littattafan nan uku ba su da amfani, tsaf suke, ba abin da ke ƙarƙashin rubutun sai farar takarda. Bai taɓa ɗaukar murya ba. 'Yarsa ta ce Baba ga waya, ya ce shi ba ya aiki da shirme. Matar Yaya tana da guntaye, ɗango nan, ɗango can, abin da ta tsinta tana wucewa da tsintsiya. Yaya kuma —

Ƙafar hagu. Ƙarƙashin bargo.

Wata shida yana ganinta. Tana motsi, tana motsi, ta tsaya, ta ci gaba. Har likita ya tare a kan maganar, ya ce a duba wannan karkarwar, a ba da magani. Matar Yaya ta ce, "Kai dai bar shi, Malam. Ɗinki yake." Ya ɗauka maganar mata ce ta rarrashin kai. Karkarwa ba ta tsayawa a ɗage. Karkarwa ba ta jira a juya yadi. Yana yi. Har yanzu yana yi! A gadon nan, da rabin jiki, bakin a rufe, waƙa tana fitowa cikakkiya da gefenta da kusurwarta, tana tafiya inda ba kunne... yau da safe ma, lokacin da ya sunkuya yana maganar haƙƙi, ƙafar a ɗage take. A tsakiyar shiru ya yi masa magana. Ya katse shi, kamar kullum.

To a dawo da su. Ai yana wurin, da kunnensa ya ji kafin ya gyara, dole suna nan a wani lungu na kansa. A ɗauki ɗaya. Wadda ya fi sani. Shafi na tara, wadda aka yi a kansa shi kansa:

Na ɗinka wa ƙanena rigar makaranta,
Ya je ya nemo sani mai inganta,
Allah ya ba shi kaifin fahimta,
Ya dawo gida da abin yabawa.

Ɗangon farko na Yaya ne, wannan ya tabbata. Sauran ukun... mai inganta. Yaya bai taɓa cewa mai inganta ba a rayuwarsa. Nasa ne. Duka ukun nasa ne, ya yabi kansa da bakin yayansa ya kai jami'a.

Me aka ce a wurin? Rufe ido. Yamma ce, ana iska, labulen shago yana kaɗawa. Farar riga ce a kan keken, ta wani ɗan makaranta, shi ya jawo maganar. Yaya ya taka... na ɗinka wa ƙanena rigar makaranta... akwai wani abu a kan aljihu, ya yi mata aljihu biyu, ɗaya na biro, ɗaya na... na me? Sannan hannun riga, ya sa shi da tsawo don a daɗe ana sawa. Sannan ranar da aka tafi da ƙanen, shi Yaya yana ɗan sha huɗu, an bar shi a shagon mai gidansa, yana leƙe ta ƙofa. Wannan duk ya dawo, ko kusa da haka. Sai kusurwa. Keke ya tsaya. Yaya bai dubi yadin ba, wannan karon ya dubi ƙanensa, ido cikin ido, hannunsa yana juya rigar. Ya faɗi abin. Kalma uku ce, ko huɗu. Matarsa tana shigowa da ruwa, ta tsaya cak a ƙofa, ta juya ta koma da ruwanta.

Shi kuma kansa na kan littafi. Ya ce, "Wannan bai cika ba, Yaya."

Yaya ya yi murmushi, ya sauke ƙafa. "To cika shi."

Kalma uku. Shekara hamsin yana riƙe da su, ya jira kusurwa ya faɗa, a gabansa, shi aka faɗa wa... Ni ma? Da ni aka fara? Ko da kai? Akwai ƙofa a ciki... ko hanya... mai inganta — a'a, fita, fita daga nan — kaifin fahimta — tasa ce ke dawowa, tasa kawai, sumul, tana amsa-amo, ta zauna daram a kan wurin kamar siminti.

Ƙofar ofis ta buɗe. Takalma, muryoyi, mutum huɗu suna fitowa da fayiloli.

"Baba, Farfesa ta ce ka shigo."

Ƙafafun suna tafiya, dunduniya, yatsu, na ɗinka wa ƙanena rigar makaranta, aljihu, hannu, ƙofa... sun ɗaga. Suna jira.

"Baba?"

Yaya, na ji, yanzu ina ji, na ajiye biron... me ka ce min?